Ranar da Rediyo ya yi shiru

Garinmu hanya ce ta haife shi. Kafin a haifi iyayenmu babu komai a wurin sai rijiya da wata hanyar ƙasa da manyan motoci ke bi. Direbobi kan tsaya su zuba wa inji ruwa, sai wata mata ta kafa musu rumfar abinci, mai faci ya zo ya zauna kusa da ita, bayansa mai shayi. Da haka aka yi kasuwa, aka yi makaranta, aka yi gari.

A bakin wannan hanya shagon mai askinmu yake. Kujera ɗaya ce mai juyawa, an ɗaure ƙafarta da waya, sai madubi mai tsaga a gefe da dogon bencin da ba ya rabo da mutane. Rabinsu ba aski ya kawo su ba, hira suka zo ji. Rediyo kowa ke ce wa mai askin, har surukarsa in ta manta. Yana iya kwaikwayon tafiyar kowa da tarin kowa, kuma ko faɗuwar akuya a rami ya ba ka labari, sai ka riƙe ciki. Amininsa tela, wanda shagonsa ke jikin nasa, yakan leƙo ya ce, "Mutumina, a rage murya, zarena yana tsinkewa."

Wata shekara labari ya zo cewa za a yi titin kwalta, amma ba a tsayar da inda zai bi ba: ko ta garinmu, ko ta garin da ke hayin rafi. Aka taru a makaranta. Shugaban 'yan kasuwa, dattijo mai tsananin magana, ya ce a tura mutum birni ya faɗa wa masu aikin hanya cewa mu muka fara zama a nan, mu ke da kasuwa. Ba a ma yi gardama ba, duk ido ya koma kan Rediyo.

"Ku bar ni da su," in ji shi. "Sai sun roƙe ni in yi shiru."

Tela ya ɗinka masa sabbin kaya kyauta, ya kuma je da kansa ya zaɓo masa baƙin takalmi mai igiya. Har tasha aka raka shi.

A ofishin hanyoyi na birni aka zaunar da shi kan benci a baranda. Yana nan zaune mutanen hayin rafi suka fito daga ciki, su da yawa, da wani ɗansu mai karatu a gaba yana dariya da ma'aikata kamar tare suka tashi. Rediyo ya bi su da ido har suka fice. Da masinja ya kira shi, ya ga shimfiɗa mai laushi a ƙasa, sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ɗakin sanyi ƙalau, teburin ya fi shagonsa faɗi. Babban jami'in yana rubutu, bai ɗago ba.

"Me ke tafe da kai?"

Duk abin da Rediyo ya tsara a mota ya gudu.

"Ranka ya daɗe, gaisuwa na kawo."

"Madalla. Sai me?"

"Ya aiki?"

"Lafiya."

"Ya iyali?"

Jami'in ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "Lafiya lau. To, na gode. Ka gaida gida."

Ya fito bai san inda yake jefa ƙafa ba. Sai da ya kai bakin titi masinja ya cim masa a guje, riƙe da takalmin. Washegari ya koma, ya yi ta zagaya katangar ofishin har rana ta take, bai iya shiga ba.

Da ya sauka a tashar garinmu, jama'a suka rufe shi.

"Ka faɗa musu?" in ji shugaban 'yan kasuwa.

"Na faɗa musu komai."

"Me suka ce?"

"Sun ce in gaida gida."

Aka ɗauki wannan a matsayin albishir. Har da masu tafi.

Titi ya bi ta hayin rafi. Manyan motoci suka daina biyowa ta wurinmu, mai faci ya kwashe kayansa ya koma can, masu abinci suka bi shi. Ranar kasuwa sai ka ƙirga rumfunan da ke buɗe da yatsun hannu. Samari suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ci wa Rediyo rai shi ne tausayin da ake ji masa. Tsofaffin mata kan tsaya a ƙofar shago su ce, "Sannu, ɗan nan, ka yi iya yinka, su ne ba su da alkawari." Sai ya sunkuyar da kai yana wasa aska. Hirarsa ta ragu, aka ce baƙin cikin gari ne. Takalmin kuwa ya tura shi ƙarƙashin gado, ko biki bai sake sa shi ba.

An yi shekaru a haka, har furfura ta fito masa. Wata rana da hantsi wani baƙon dattijo da ya zo sayen awaki ya shigo a gyara masa gemu. Benci cike yake, tela na nan, shugaban 'yan kasuwa ma yana jiran layi. Baƙon mai surutu ne. Ya ce shi masinja ne a ofishin hanyoyi kafin ya yi ritaya, ya ga abubuwa iri-iri.

"Amma ban taɓa ganin irin wani bawan Allah ba," in ji shi, kumfa a haɓarsa. "Garinsu suka turo shi neman titi. Ya shiga wurin maigida, ya aiki, ya iyali, shi ke nan! Ya fito a guje har ya manta takalminsa. Sabo fil, baƙi mai igiya, ni na bi shi da shi. Mun yi shekara muna dariyar abin nan."

Ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. Babu wanda ya taya shi. Tela ya zuba wa ƙasa ido. Rediyo ya tsaya da aska a hannu, sannan ya ƙarasa gyaran gemun tsaf, ya goge wa mutumin fuska.

"Ni ne, Baba," ya ce. "Na gode da takalmin."

Baƙon ya rasa inda zai sa kansa. "Ai... wataƙila ma an riga an gama yanke maganar kafin ka zo. Haka suke yi."

"Wataƙila," in ji shugaban 'yan kasuwa, yana miƙewa. "Amma da ya faɗa mana gaskiya, da mun sake tura wani." Ya fita ba a yi masa askin ba.

Rediyo ya rufe shago ya shige gida. Ya daina fitowa, ko rijiya sai matarsa ta aika. Ita ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye masa abinci ta ce, "Maigida, mutumin da ya je birni ya dawo bai ba ni labarin ko mota ɗaya ba, ai na san akwai abin da ya faru. Na yi ta jira ka faɗa da bakinka." Wannan ya fi masa zafi a kan zagi.

A waje kuwa magana ta zama abin wasa. In mutum ya je neman aure ya kasa buɗe baki, ko ya je ƙorafi wurin shugaban makaranta ya dawo da salati, sai a ce, "Gaisuwa ya kai." Har yau ana faɗa, yaran da ke faɗa ma ba su san asalinta ba.

Tela ne ya fito da shi. Ya bar sumarsa ta yi buzu-buzu, ya zo ya zauna a ƙofar gidan.

"Mutumina, ni ban yafe maka ba tukuna, amma dubi kaina. Gari ba shi da wani mai aski. Ko so kake matata ta kore ni?"

Ya buɗe shagon. Mutane suka dawo a hankali, don gashi ba ya daina tsiro. Yana aski, yana amsa gaisuwa, amma bai sake kwaikwayon kowa ba. Shugaban 'yan kasuwa dai bai sake taka shagon ba, gara ya hau babur ya tafi hayin rafi a aske shi, har ya rasu.

Bayan wasu shekaru aka tashi neman asibiti. Wannan karon mutum ɗaya ba a yarda a tura ba: aka haɗa malamin makaranta da ungozoma da tela da wasu samari. Ana shirin tashi daga taron, Rediyo ya ɗaga hannu daga can baya, inda ya tsaya jikin taga. Kowa ya juyo wajensa.

"In kun shiga," ya ce, "kada ku tsaya gaisuwa. Wanda ya fara daburcewa, na kusa da shi ya karɓa."

Wani ya yi dariya, aka harare shi. Sun je, sun yi magana, an ba mu ƙaramin ɗakin shan magani da ma'aikaciya ɗaya. Ranar buɗewa Rediyo ya yi wa duk wanda ya zo aski kyauta, amma da aka kira shi ɗaukar hoto, ya ce yana da mutum a kujera.