Ranar Da Aka Sa Kakata Waƙa A Bariki

Maƙwabcina a nan unguwar Pumpumre, cikin garin Garwa, yana da garmaho. Duk sanda ya ɗora allura a kan faifai, akwai wani ɗan shuu da ke fitowa kafin kiɗa ya fara. Mutane ba su ma lura da shi. Ni kuwa da na ji sai in ajiye abin da ke hannuna, domin ina yaro na fara jin wannan sautin, a filin barikin Jamus, ranar da aka sa kakata waƙa.

Mu mahauta ne. Kakana ya biyo shanun fatake daga ƙasar Hausa ya zo Garwa, ya zauna yana fawa. Kakata kuwa daga duwatsun arewa aka kamo ta, ko famfara ba ta gama ba. Kakana ya fanshe ta, ya aure ta. Ta haifi babana, ta yi furfura a kan buzun salla, amma tsagar goshinta ba ta goge ba, bakin mutane ma bai mutu ba. Fulanin gari suna ce mana kaɗo masu ƙarnin jini. Hausawa 'yan'uwanmu kuma, in an yi faɗa a bakin rijiya, sai su tuna mana cewa mu jikokin arniya ne.

Ba ta taɓa ramawa da zagi ba. A kan dutsen niƙa take ramawa. Da hantsi za ka same ta durƙushe, gumi na ɗiga cikin dawa, tana tura ɗan dutse tana jera baitocin da ita ta ƙaga. Wanda na fi riƙewa shi ne:

Kun ce ni ƙaya ce, ƙaya ke tsaron gona,
Kun ce ni toka ce, toka ke sa garwashi ya kwana,
Kun ce baiwa ba ta da suna,
Wanda Ya halicce ni Ya san sunana.

Da Jamus suka buɗe makaranta, sai suka ce Lamiɗo ya kawo 'ya'yan manya. Manya suka ɓoye nasu, aka bi gidajen bayi da na masu ƙaramar sana'a. Sarkin Pawa ya nuna gidanmu, aka zo aka ɗauke ni. Malamin da ke tsaye a kanmu mutumin bakin teku ne, mai takalmi sau-ciki da bulalar fatar dorina. Ranar farko ya toshe hanci ya zaunar da ni a bakin ƙofa, ya ce ɗan mahauci kansa kitse ne, ba ya ɗaukar karatu. Wanda harshensa ya karye a kalmar Jamusanci, sai a durƙusar da shi a kan tsakuwa, a ɗora masa dutse a ka. In ka san bazarar Garwa, lokacin da Binuwai ke komawa rairayi, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, to ka san abin da nake nufi.

Ni na fi kowa shan wannan horo. A ƙarƙashin dutsen nan na gane amfanin waƙar kakata. In na fara ta a ƙasan maƙoshi, wuyana yakan daina rawa, hawaye ya koma. Wata rana malam ya tsaya a bayana ya saurara, ya tambaye ni wa ya koya mini. Na faɗa masa da alfahari.

Damina ta sauka, kogi ya cika, jirgin ruwa ya hayo da kaya. A cikinsa akwai wani Bature mai gemu da ke yawo yana tara waƙoƙin mutane a cikin akwati. Malam, don neman fada, ya gaya masa akwai wata tsohuwar dutse a unguwar mahauta. Sojoji biyu suka zo gidanmu da safe, kakata ta fito da gari a hannunta, suka tasa ta gaba. Babana ya bi su da wuƙarsa a kugu, Sarkin Pawa ya tare shi a hanya ya karɓe.

Aka jera mu 'yan makaranta a filin bariki, wai mu ga ilmi. Mutanen gari suka cika bakin shinge. Baturen ya kama haɓarta ya juya, ya buɗe bakinta ya duba haƙora kamar yadda babana ke duba saniya. Ya auna kanta da wani ƙarfe mai kama da awartaki. Sannan ya ja da baya ya dube ta, da zanenta baƙi da ɗankwali da carbi a wuya, ya girgiza kai. Tafinta ya ce Bature ba haka yake so ba. Yana son ta kamar yadda mutanen dutse suke. A cire zanen, a ɗaura mata ganye.

Kakata ta dubi tafintan, wanda ba zai wuce sa'an babana ba, ta ce, "Ɗan nan, gaya masa na yi jika. Gaya masa ɗana yana tsaye yana kallo."

Tafintan bai juya maganar ba. Babana ya taka zuwa gaba, wani soja ya sa masa gindin bindiga a baki. Haƙoransa na gaba a filin nan suka zube. Aka tsinko ganyen ɗorawa. Na runtse ido, malam ya ɗaga haɓata da bulala ya ce in kalla.

Bayan an ɗauki hotonta, aka tsayar da ita gaban akwatin mai baki kamar kakaki, aka ce ta yi waƙa. Ta ƙi. Aka yi rarrashi, aka yi tsawa, ta kafe idonta a ƙasa. Malam ne ya san inda za a taɓa. Ya fizgo ni daga layi, ya kwantar da ni rub da ciki a cikin laka, ya ɗaga dorina. Kafin ta sauka na ji muryar kakata. Ta miƙe tsaye sosai, ta daina rufe jikinta da hannu, ta yi baitocin nan tun daga farko har ƙarshe, tana duban mutanen da ke bakin shinge ɗaya bayan ɗaya. Baturen bai ji ko kalma ba. Daga baya tafintan ya ce waƙar yaƙin arna Baturen ya rubuta a kai.

Sai aka juya akwatin, ya yi shuu, muryar kakata ta fito siririya kamar ta sauro. Jama'a suka fashe da dariya. Aka ba ta ƙullin gishiri. Ta ɗaura zanenta, ta kama hannun babana, ta bar gishirin a ƙasa.

Abin da gari ya yi mata ya fi na bariki. Matan da ke sayen garinta suka daina. Yara suka riƙa bin katangarmu suna kiran mai ganye. Ta ci gaba da niƙa, amma dutse kaɗai ke ƙara. Ba ta sake ɗaga murya ba har ta rasu, kafin a kawo manyan bindigogin da suka kori Jamus daga Garwa.

A makaranta kuwa, bazara ta zagayo, aka ɗora wa wani ɗan bawa dutse, yaron da ya fi kowa dariya ranar nan. Ina zaune a bakin ƙofa na ji yana gunguni. Waƙar ce. Kafin a rufe makarantar, babu wanda ya durƙusa a tsakuwar nan bai yi ta ba. Jamusancin da aka cusa mana da bulala ya zube, ban riƙe ko gaisuwa ba. Baitocin tsohuwa su ne karatun da muka fita da shi.

Yanzu jikata tana lekol, wato makarantar boko, a unguwar Jambutu. Suna haddace waƙoƙin Faransanci, na ƙanƙara da itatuwan da ba su tsirowa a ƙasarmu. Ban ce su daina ba. Amma da ta dawo tana kuka an ce mata 'yar mahauta, babu ko ɗaya cikin waƙoƙin nan da ta share mata hawaye, sai na koya mata ta kakata. Na je har wurin darakta na roƙa a bar yara su yi irinta a aji. Ya ba ni kujera, ya girmama furfurata, ya ce ba ta cikin tsarin karatu.

Shekaranjiya yarinyar ta shigo da ƙashi rataye a wuya. Haka ake yi wa wanda aka kama yana yaren gida a lekol, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani ya rataya masa. Na tambaye ta ko ba ta sami kowa ba. Ta ce ta samu, ƙawayenta sun ja ta bayan aji sun roƙi ta koya musu waƙar, kuma dukansu da Hausa suka yi magana.

"To me ya hana ki rataya wa ɗaya?"

"Ba su gama haddacewa ba, Kaka," in ji ta. Ta gyara ƙashin a wuyanta, ta wanke hannu ta zauna cin tuwo.