Yadda Kaka Fanna Ta Ciro Shamrazu Daga Rijiya

A gidanmu na Gure, da sanyi ya kama, ba a neman yaro bayan sallar isha'i. Kowa ya san inda muke: ƙofar ɗakin Kaka Fanna, mahaifiyar babanmu, mun kewaye wutar da take hurawa da busassun ƙwallon goriba. Ƴaƴan maƙwabta ma nan suke tarewa, kowa da guntun zanensa, ana ɓarar gujiya ana ture-ture. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, ƙafa kuma ta hana ta zuwa suna da biki. Wannan wutar ita ce kasuwarta, ita ce dandalinta. In ta gyara zama sai ta ce, "Ga ta nan, ta gangaro daga tudun rairayi." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma." Kuma tana da doka guda da ta ce ta gada wurin kakarta a Kelle: labarin da aka buɗe ba ya kwana a buɗe. Ko ana gyangyaɗi, ko wuta ta mutu, sai ta kai shi ƙarshe ta ce, "Na naɗe tabarmata, mai jin sanyi ya ja zanensa."

Ana nan sai wannan tsinannen littafin ya shigo mana gida. Kawu Idi ne, ƙanen innarmu, wanda ke kai shanu Nguru, ya zo da shi a aljihun rigarsa, bangon ya ci mai da gumi. Shi bai iya karatu ba, hoton ne ya burge shi: wani ƙato da takobi yana tsaye kan wuyan tsuntsu mai kawuna da yawa. Ya miƙa wa yayana Sanusi, wanda ke kolej a lokacin, ga shi kuma lakwal, wato makarantar boko, a rufe, malamai na yajin aiki. Sanusi ya ɗauki fitilar Baba ya zauna a zaure ya fara karantawa da ƙarfi.

Labarin wani sadauki ne wai shi Shamrazu. Boka ya sace ƴar wani sarki, shi kuma aljani ya ba shi takobi, ya tafi ceto ta. Shi ke nan fa labarin. Abin da ya saura duk sara ne. Ya sari masu gadin ƙofa, ya sari rundunar maridai, ya sari tsuntsun, ya shiga wani birni ya fito jini na bin sa har gwiwa. In ka ji an ce ya numfasa, to takobin yake gogewa.

Yaran unguwa kuwa suka haukace. Daren farko rabinsu suka zame zuwa zaure, kafin mako ya zagayo ba kowa a gindin wutar Kaka sai ni. Ni ma ba don kunnena bai ji ba, zana ce kawai tsakaninmu, muryar Sanusi na ratsowa da ihun yara. Amma na tsani littafin nan tun ranar da na ga Kaka ta ce, "Ga ta nan, ta gangaro," ta saurara, murya ɗaya tak ta amsa mata. Ta tura ƙwallon goriba cikin wuta. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Jikanta namiji, bisa wasan kaka da jika, mijinta take kiran shi. Da safe ta tare Sanusi ta ce, "Maigida, ashe takarda ka auro ka bar ni da toka?"

Ya ce, "Ke tsohuwa, labaranki duk na kura da zomo ne. Wannan na maza ne."

"Na mahauta dai. Ina jin ku. Mutumin nan naku yana cin tuwo kuwa? Yana da uwa? Kuma duk waɗanda yake zubarwa, wa ke binne su?"

Sanusi ya yi dariya ya ce littafi bai faɗa ba. Ta ce, "Ka tambaye shi mana." Ya ce ai ba a tambayar littafi. Ta ce, "To ka gani."

Manya ma ba su bar shi ya wuce salin alin ba. Baba ya ce kananzir ɗinsa ake ƙonawa kan ƙarya. Malamin allonmu ya aiko a gaya wa Sanusi ya daina ambaton aljanu bayan faɗuwar rana, in ba so yake su amsa ba. Inna ta ce ita abin da ya dame ta yarinyar da aka sace, tun da aka fara ba ta ce uffan ba, kamar an sace buhun hatsi. Ranar da yara suka fasa mata randa da takubban karan dawa, ta rantse sai ta hura wuta da littafin. Mushe Abdu kuwa, haka muke kiran malamin lakwal, wanda aka turo daga Dogonduci yana haya a maƙwabtanmu, ya ara don ya ga abin da ke ɓata yara. Washegari ya dawo da shi ido jajir, ya ce shirme ne tsantsa, ba tsari ba hankali. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Af, na biyun yana wurinka?" Sanusi bai gane tambayar ba, don bai taɓa leƙa shafin ƙarshe ba.

Daren da ya kai shafin, ina zaune da Kaka muka ji zaure ya yi tsit. Boka ya yaudari Shamrazu ya hankaɗa shi wata rijiya mai macizai a ƙasa. Ya kama sarƙa da hannu ɗaya, takobi a ɗayan, sarƙar ta fara tsinkewa. Sai Sanusi ya rufe littafin. Yara suka ce, "Ci gaba mana!" Ya ce ya ƙare, an rubuta a nemi littafi na biyu. Kai, ranar na ji zagi! Wani ya ce ya ɓoye sauran ne, wani ya fizge littafin yana girgizawa ko wata takarda za ta faɗo, wani ƙarami ya fashe da kuka. Ni kuwa na yi dariya har da riƙe ciki, Allah ya ƙara.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A rataye suka bar shi? Suka tafi suka kwanta?" Ta tofar da yawu gefe. "Wanda ya rubuta wannan ba shi da tarbiyya."

Kawu Idi ya koma Nguru ya dawo hannu wofi, ya ce mai sayarwar ma bai san da na biyu ba. Sanyi ya ƙara tsananta, zaure ba wuta. Ɗaya bayan ɗaya yaran suka fara raɓowa gindin wutar Kaka, suna sunkuyar da kai. Ba ta kore su ba, ba ta kuma yi musu maraba ba. Rannan har Sanusi ya zo ya tsaya daga baya, ya harɗe hannu. Wani yaro ya yi ƙarfin hali ya ce, "Kaka, don Allah ki ciro Shamrazu."

"Ni na jefa shi? Ku je takardarku ta ciro shi."

Na ji daɗi, na ce a raina ta rama. Amma ina jingine da ita, na ji tana ta mutsu-mutsu. Ashe tun daren nan abin ke cin ta. Ta tsani Shamrazu, amma labari ya kwana a buɗe a cikin gidanta, ita kuwa ba za ta iya ba. Ta ja tsaki ta ce, "Ga ta nan, ta gangaro daga tudun rairayi." Amsar da aka ba ta daren nan sai da kaji suka firgita a akurki.

Ta ce da asuba wata tsohuwa ta zo rijiyar da guganta, ta leƙa ta ga ƙato na lilo. Ya ce ta cece shi, shi ne Shamrazu. Ta ce ta san shi, ai shi ya sare mata ɗa a ƙofar birni, mai gadi ne, sunansa Ari, ranar ko karin kumallo bai yi ba. Ta ce igiyarta ba za ta ɗauki mutum da takobi ba, ya zaɓa. Ya saki takobin, macizai suka gaje shi. Da ta jawo shi sai ta miƙa masa fartanya, ta ce ya bi sawunsa baya, duk wanda ya kashe ya tambayi sunansa ya binne shi, ya fara da Ari. Haka ya yi ta bi gari gari yana haƙa, uwaye na zaginsa, wasu na ba shi ruwa. Kafin ya isa gidan boka furfura ta fito masa. Ya tarar boka ya daɗe da mutuwa, tari ya kashe shi, ƴar sarki kuwa ta gaji da jira ta bi ayarin masu kanwa ta koma gidansu da ƙafarta. Kaka ta ce, "Na naɗe tabarmata, mai jin sanyi ya ja zanensa."

Wuri ya kaure. Inna daga bakin murhu ta ce, "Yawwa, yarinya ta yi hankali!" Wasu yaran suka ce an cuce su, ina yaƙin? Sanusi ya ce, "Kin ɓata shi! Sadauki guda kin mai da shi mai haƙar kabari. Ba haka labarin yake ba!"

Ta ce, "To yaya yake, maigida? Faɗa mini."

Ya juya ya fice. Amma washegari wutar ta cika maƙil, sun zo gardama. Wannan ya ce a mayar masa da takobin, wancan ya ce ina aljanin ya shiga, ita kuma tana amsawa tana zolayarsu, tana ƙara wani abu tana rage wani. Har ta bar duniya ba ta sake buɗe labari ta ji murya ɗaya ba. Sanusi dai bai taɓa cewa ta yi daidai ba, ko sau ɗaya.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin ramuwar tsohuwa, kuma ina jin daɗinsa a haka. Sai da na girma na ga abin da ya fi haka: ita mutum ko a labarin ƙarya ne ba ta yarda a zubar da shi ba suna ba. Sanusi ya shiga soja, ya yi shekaru a daji, ya dawo da ɗingishi da shiru. Ƴaƴansa na roƙonsa labarin yaƙi, ba ya ba su.

Bara a kasuwar Damagaram na ga littafin na biyu cikin tsofaffin takardu a kan tabarma. Na leƙa shafin ƙarshe: an sake ɗaure Shamrazu a wani kogo, a nemi na uku. Na yi tsaki, na saya don in tsokani Sanusi. Na kai masa Gure na ce, "Yaya, ga amaryarka ta iso, sai dai ta makara."

Ya karɓa ya daɗe yana duban bangon, bai buɗe ba. Ya miƙo mini ya ce, "Me zan yi da shi? Ai Kaka ta riga ta ciro shi."

Na ce ashe yana tune da labarin da ya ce an ɓata. Ya dubi wurin da wutarta take a da, inda yanzu ake ɗaure awaki.

Ya ce, "Mai gadin ƙofar nan, Ari sunansa. Ko karin kumallo bai yi ba."