Rabin Takardar Baba Baƙi Ne

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka sari Baba da shebur. Ranar Laraba ce, ranar da ruwan ban-ruwa ke zuwa layin gonakinmu, sai maƙwabcin gonarmu ya toshe bakin kwatar da buhun ƙasa ya juya ruwan cikin tumatirinsa. Na kai wa Baba abinci na tarar suna shaƙe da juna. Baba ya ture shi, ya sunkuya zai cire buhun, mutumin ya ɗaga shebur ya sauke masa a ƙeya ta dama. Na ji ƙarar kamar an fasa kabewa. Jinin ya bi ruwan ya shiga fangalinmu, ni kuwa na tsaya riƙe da kwano.

An ɗinke kan a Kura, ya warke. Daga nan gidanmu ya lalace. Baba ya riƙa tuntuɓe da buta, da turmi, da kujerar Inna, kuma duk abin da ya ci karo da shi ni ce na ajiye. Da can Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Yanzu na koma "ke". Ya yanko guntun tiyo daga injin ban-ruwa ya rataye a ƙusa. Ran da na kawo masa koko ya juyo ya buge kwanon, ya zane ni har tiyon ya fasa min dantse.

"Ke aljana ce? Sai ki ɓullo wa mutum ba sallama?"

Alhali kuwa na yi sallamar. Na lura kullum ta hagunsa abin ke faruwa.

Sai da ya bankaɗe akuya da babur ya faɗa cikin kanal ɗin ban-ruwa, sannan Inna ta matsa masa ya je asibitin ido a Kano. Da ni aka haɗa shi saboda ina karanta boko. Ya gane alamomin allon gwajin ido har layin ƙasa, ya harare ni.

"Kin gani? Idona ras."

Duk da haka suka sa shi gaban wata na'ura mai kama da ƙwarya a jingine. Aka rufe ido ɗaya, ya ɗora haɓa, aka ba shi maɓalli, aka ce ya kafa ido a tsakiya, in ya ga ɗigon haske ya danna. Baba ya riƙa wurga ido yana farautar hasken kamar mai korar tsuntsu a shinkafa, sai da aka sake gwajin daga farko. Ina bayansa ina ganin hasken na ƙyaftawa ta hagu, babban yatsansa bai motsa ba.

Takardar ta fito da da'ira biyu. Kowacce rabinta na hagu baƙi ƙirin, an raba ta a tsakiya kamar da zare. Baba ya fizge ta.

"Idon hagu ne ke nan. Sai a ba ni maganin ɗigawa."

Likitar, wata mace mai farin gilashi, ta karɓe ta. "A'a, Malam. Wannan da'irar idon dama ce, wannan ta hagu. Fari inda ka gani ka danna, baƙi inda haske ya zo ba ka gani ba. Dubi, duka biyun hagu ne ya tafi, kuma iyakar a miƙe take. Idan haka ta fito, ba a ido ciwon yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. An taɓa dukanka a kai?"

"Ta dama aka sare ni, Likita."

"To ai ɓangaren dama ne ke kula da ganin hagu."

Baba ya ce injin ne bai da saiti. Sai ta yafito ni da hannu, ta tsayar da ni a hagunsa, ta ce masa ya kalli hancinta kada ya juya.

"Ina 'yarka?"

"Ta fita mana. Haka take, sai ta sulale."

Tsakanina da shi bai kai kamu biyu ba. Ina jin warin fetur a rigarsa. Likitar ta kama hannuna ta jawo shi a hankali zuwa gabansa, sai da ya wuce saitin hancinsa ya zabura. Hijabina ya zame, tabon tiyo ya fito. Ta dube shi, Baba ma ya dube shi. Ta ce babur ya haramta gare shi, kuma da wuya baƙin nan ya koma fari, sai dai ya koyi juya kansa gaba ɗaya.

Muka sauka daga mota a Kura. Na bi bayansa ta hagu kamar yadda na saba. Ya tsaya, ya juyo da wuyansa duka har ya same ni.

"Uwata, dawo ta damana."

Bai ba ni haƙuri ba, ba a yin haka a gidanmu. Washegari na ga guntun tiyon a gona, ya ɗaure shi da roba a bakin injin inda yake yoyo.