Sjoukje da Tukunyar Baba Douwe

Ƙarfe bakwai, gari bai gama wayewa ba, za ka ji ƙarar baronta a bayan gidan tsofaffin ƙauyenmu. Sjoukje Wiersma ke nan. Shekara talatin da ɗaya tana kula da lambun gidan, kuma a ƙarshen watan nan na Nuwamba za ta ajiye aiki.

Mutane suna yabon mai lambu ne idan fure ya buɗe. Ba wanda ke leƙowa a Nuwamba, alhali a lokacin ake wahalar. Ta tara ganyen da ya zube ta kai ramin taki, ta datse wardi ta rufe gindinsa da ciyawa, ta zuƙe ruwan famfon waje kada ƙanƙara ta fasa shi. Sannan ta durƙusa a ƙasa mai sanyi tana binne albasar furen tulip ɗaya bayan ɗaya, har yatsunta su daina jin kansu.

Aukje, ma'aikaciyar jinyar gidan, ita ta ba ni labarin abin da ya faru bara. Akwai wani tsoho, Douwe Hiemstra, ɗan shekara casa'in, wanda ya ƙare rayuwarsa yana noman tulip. Kullum sai an turo shi a kujerarsa mai taya ya zo ya sa mata ido.

"Ke yarinya, ramin nan bai yi zurfi ba. Kaza ma sai ta tone shi!"

"To Baba, sauko ka nuna mini mana," in ji yarinyar mai shekara sittin da biyar.

Wata rana kuwa bai yi tsiya ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Binne su da kyau. Likita ya ce ban da ni a 'yan kallon furensu a Afrilu."

Sjoukje ba ta ce masa zai warke ba, domin ba ta iya ƙarya ba. Ta zaɓi albasa bakwai masu nauyi, ta shuka a tukunya, ta kai ɗakin ajiya mai duhu da sanyi. Tulip ba ya fure sai ya sha sanyinsa ya ƙoshi, ba a yi masa gaggawar da ta wuce kima. Mako goma sha biyu tana dubawa, tana tsoron ɓera, tana tsoron ruɓa, tana kuma tsoron abin da Aukje za ta faɗa mata kowace safiya. Tsohon ya daina fitowa, daga baya ya daina zama.

A ƙarshen Janairu ta shigo da tukunyar cikin ɗumi. Tsakiyar Fabrairu, dusar ƙanƙara na kwance a waje, ta ajiye masa furanni jajaye a gefen gado.

Douwe ya miƙa hannu ya taɓa ganyen. "Kin cuci albasar nan. Wadda aka tayar kafin lokacinta ba ta sake fure."

"Na sani, Baba."

"To matso da ita kusa, ba na gani sosai."

Kwana tara ya yi yana kallonsu. Ya riga su tafiya.

Sjoukje, ke ce wadda ba ta iya jawabi ba, sai aiki. Kin san ba ki da ikon ƙara masa ko yini ɗaya, sai kika jawo masa Afrilu zuwa inda yake. Ba a sa ki ba, ba ki kuma faɗa wa kowa ba, na san ma za ki ji haushin wannan rubutu. Ki yi haƙuri. Mun gode, kuma muna jin zafin tafiyarki.

Mu kuma da muka rage, kowannenmu yana da wani tsoho a kusa da ke jiran wani abu. Mu je mu tambaye shi mene ne, tun yana iya ba mu amsa.