Sa Hannun Baba Hantsi

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da Mu'allim Siddiƙ ya ce in sa hannun wani mutum a kwalin kaset ba. Watan Shawwal ne na 1988, muna shirin zuwan alhazai.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba ku san aikin ba, bari in faɗa muku. Gidan kwafar kaset ne a unguwar Mahjar, nan Jidda. Ana kawo uwar kaset daga gida, mai inji ya kwafe ta a kan sababbi, sannan a miƙo mana mu mata a ɗakin baya, mu liƙa takarda mu sa a kwali. Ni ce mai rubuta sunan mawaƙi, don na shiga yaƙi da jahilci har ina da jika, kuma rubutuna ya fi na masu yi mini dariya kyau. Mu'allim shi ne mai gida, shi ne kuma kafilina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar. Bahaushen Sudan ne, Hausarsa rabi Larabci.

Kaset ɗin da ya fi tafiya shi ne na Hantsi Mai Gangar Noma. A gayya ya fara, yana bin bayan manoma da ganga, har rediyo ta ɗauke shi. Bayan da fari ya kashe gayya sai ya zo umra, aka daina jin ɗuriyarsa. Amma lebura a nan in ya sa waƙarsa, sai ya ji ƙanshin ruwan farko.

Ranar nan Mu'allim ya dawo daga kasuwa ido a waje. Wai ya ga kaset na wani mawaƙin Larabawa a cikin gilashi, an tsawwala masa kuɗi don kawai mai shi ya sa hannu.

Ya tsaya a bakin labule ya ce, "Ya Hajiya Kande, hannunki mai kyau ne. Ki ja wa Hantsi sa hannu a kowane kwali. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani. Ban zauna a benci da furfura don in koyi ƙarya da biro ba."

"To halas, shi ke nan. Ko sa hannu, ko ki nemi wani kafili kafin Juma'a."

Iƙamata, takardar izinin zamana, tana hannunsa, kuma in ba ita, sai jirgin korarru. Amma bakina bai mutu ba. Da ma wata ƙawata mai sayar wa leburori tuwo ta taɓa ba ni labarin wani tsoho mai gadin sito da ke kaɗa jarka da rana, kowa na kiransa Hantsi. Na ce, "In sa hannu kake so, mai hannun yana nan unguwar Khumra. Tashi motarka."

Bayan la'asar muka same shi a ƙofar sito, ya rame kamar kara. Mu'allim ya miƙa masa biro. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Ɗana, wannan ba fartanya ba, ba makaɗi ba. Ta ina ake kama shi?"

Mu'allim ya dube ni, irin kallon da ke tuna wa mutum Juma'a. Na durƙusa na ce, "Baba, mutane ne ke son abu daga gare ka wanda zai zama nasu su kaɗai."

Sai ya yi dariya. "Ai mu ba hannu muke sawa ba, 'yata, suna muke sawa. Kai, wane ne kakanka? Daga ina ya taso?"

Mu'allim ya ce Audu, daga Gobir ya taho hajji a ƙasa, ya tsaya noman auduga a Sudan. Baba ya jawo jarka. Na ɗauko rikoda a mota na danna jan maɓalli.

"Siddiƙu jikan Audu na Gobir,
Wanda ya yi gabas da ƙafa,
Gero ya bari ya tarar da auduga,
Ga irinsa ya yi zangarniya a Jidda."

Mu'allim ya kai rawani fuska, wai gumi ne. Na ce ban san gumi na fitowa ta ido ba.

Ba a ƙara zancen Juma'a ba. Muka sake tsarin aiki: mai saye ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, Baba ya ambace shi a farkon kaset, ni in rubuta sunan mai shi a kwali. Direbobin unguwar Abhur har layi suke yi. Mu'allim ya sa aka zo da ganga daga gida, kuma da Baba zai koma, da ƙafarsa ya hau jirgi, ba kora ba.

Da faifan CD ya kashe sana'ar, Mu'allim ya sayar da inji da kanta har da labulenmu. Wani mai tara tsofaffin kaya ya nace sai ya sayi kaset ɗin Khumra. Mu'allim, mutumin da ko inuwarsa ka taya zai sallama, sai ya sa shi a aljihu ya ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne, kakana na ciki."

Abin da aikin ya koya mini ke nan. Mutanenmu ba tawada suke nema ba. So suke a ƙasar da ake kiransu da "kai" ko "ke", wani ya buɗe baki ya faɗi ko su 'ya'yan wa ne.