Maharazu Mai Zuƙar Fetur

A shekarun da arzikin fetur ya ɓarke, Maharazu ya bar gonarsa ta Farfaru, ya koma Jibiya yana ɗura mai a jarkokin 'yan Maraɗi. Da baki yake zuƙo shi ta tiyo, wani ya zarce ciki. Bayan shekara shida idanunsa suka koma ruwan ɗorawa.

Malamin asibiti ya ce masa, "Hanta da ƙoda ke tace dafi daga jini, naka sun gaji. Bar fetur, ka yawaita shan ruwa."

Maharazu ya ce to, ya bar sana'ar. Ya koma gida, matarsa Salmatu tana cika masa tulu kullum. Ya ƙara damina huɗu a duniya, bai sake jin ɗanɗanon tuwo ba.