Shekarar da Ciyawa Ta Daina Tsawo

Ranar wata Alhamis, a bazarar da ta biyo bayan girgizar ƙasar Alƙahira, aka sauke wani ƙaton akwatin katako a ƙofar gidan da Babanmu yake aikin lambu a Giza. Ina tsaye da ƙanena Habu goye a bayana, ban fi shekara goma sha ɗaya ba, shi kuwa ko zama bai fara ba. Maigidan ma'aikacin ofishin jakadanci ne, mutumin ƙasarmu, Alhaji muke ce masa. Ya fito da kansa yana murmushi, ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Malam Isa, daga yau bayanka ya huta." Aka ɓare katako, sai ga wata 'yar mota ja mai kujera ɗaya, da wuƙa a ƙarƙashin cikinta. Injin yankan ciyawa ne, irin wanda ake hawa.

To, bari in koma baya kaɗan. Innarmu ta rasu wajen haihuwar Habu, ta bar mu mu uku a ɗakin bayan gida, ta kuma bar akuyarta Kyalla. An ba jaririn madarar gwangwani, cikinsa ya ƙi, an sake wata, cikinsa ya ƙi. Nonon Kyalla kaɗai ya zauna masa. Ita kuwa Kyalla ciyawar lambun nan ce abincinta, domin Alƙahira ba ta da dajin kiwo. Da lauje Baba yake yanka, a durƙushe. Yakan fara daga bakin ƙofa, kafin ya kai gindin mangwaro a ƙarshen gida ta farkon ta sake tashi har ta wuce idon sawu, saboda haka kullum akwai dami. Ni nake binsa ina tarawa, ina ɗaurewa, in na gaji in shimfiɗa Habu a kan tarin ciyawa in yi carafkena da duwatsun bakin famfo. Da safe in tatsa, in tafasa, in bari ya huce, in ba shi da ƙaramin cokali.

Wuni guda Baba ya yi yana haɗa injin, shi da mai gadin gidan, wani Bamasare mai barkwanci, Ammu Sabri. Takardar da ta zo da shi ba mai iya karanta ta a cikinsu, hotuna suke bi. Suka ɗaura sitiyari, suka ɗaura kujera, suka haɗa batir, suka zuba baƙin mai, suka buga wa tayoyi iska. Ammu Sabri yana cewa, "Yalla ya Isa, ka zama basha, babban mutum, daga yau sai mu gaishe ka daga ƙasa!" Baba ya ce, "Basha da kaushi a ƙafa? Miƙo mini sifana, ka rage surutu." Da injin ya tashi har tattabaru suka watse, ni ma na yi tafi, don ban san abin da nake tafa wa ba.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, washegari, lambun nan kaf ya kwanta kamar darduma. Ciyawar da ta fito kuwa niƙaƙƙiya ce, gajera, tana warin fetur. Na kai wa Kyalla, ta sansana, ta juya kai. Na wanke na shanya, ta sansana, ta juya kai.

Baba bai taɓa wulaƙanta injin nan ba. Yakan ce, "Kayan mutane amana ne." Kowace safiya sai ya zare ƙarfen auna mai ya goge a tsumma ya duba, ya kaɗe ƙurar matatar iska, ya kwanta a ƙasa ya kankare ɗanyar ciyawar da ta liƙe a cikin injin don kada ya yi tsatsa. Wuƙar ma a dutsen da yake wasa laujensa yake wasa ta. Dabara ɗaya ya yi, ya ɗaga wuƙar can sama don ciyawa ta saura da ɗan tsawo. Alhaji ya gani, ya ce a sauke ta, a kuma riƙa yanka a kai a kai, tunda yanzu ba wahala kuma baƙi suna zuwa. Shi ke nan, ciyawa ba ta sake tsawon da lauje zai kama ba.

Ammu Sabri ya ce, "Ka faɗa masa mana, mutumin kirki ne, zai bar maka kusurwa ɗaya." Baba ya girgiza kai ya ce, "Mutum ya yi maka alheri, ka je ka ce masa alherinsa ya cuce ka? Akuyar ma kara ya yi mini ya bar ta a gidansa." Kunya irin ta mutanen da, ita ta rufe masa baki, kuma har Alhaji ya bar Masar bai sani ba.

Barsim, ciyawar da masu amalanke ke sayarwa, ta hunturu ce, mu kuwa muna tsakiyar zafi. Na bi kicin ina tsintar ɓawon kankana da busasshiyar gurasa. Kwanci tashi nono ya ragu, daga cikakken kofi ya koma rabi, daga rabi ya koma abin da bai rufe gindin kofi ba. Habu ya rame, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya zama kamar na ɗan kyanwa.

Ammu Sabri yana da ƙanwa a unguwar Ainu Shams, Ummu Hani, tana shayar da 'yarta, ta yarda ta haɗa da Habu. Muka shiga bas, muka shiga jirgin ƙasa, muka hau bene mai duhu. Ta karɓe shi daga bayana, ta ce, "Ma'alish ya binti," wato ba komai 'yata, ta ɗora shi a ƙirji, ya kama bai ko waiwaye ni ba. Na dawo Giza da zanen goyo a hannu, bayana yana jin sanyi.

Muna zuwa ganinsa ranar Juma'a. Ya yi ƙiba, ya yi tafiya, ya yi magana da harshensu. Da aikin Alhaji ya ƙare za mu dawo gida, muka je ɗaukarsa, ya riƙe rigar Ummu Hani yana ihu, ita ma tana kuka. Baba ya dube su ya ce, "A bar shi zuwa baɗi." Baɗin ba ta riski Baba ba.

Yau ina da jikoki, nono kuwa har a leda ake sayar da shi a bakin titi. Habu yana raye, ya zama magidanci, yakan kira ni a waya ranar Sallah. Larabcina ya zube, shi kuwa Hausa ba ta taɓa shiga bakinsa ba, sai mu yi sallama, mu yi dariya, mu yi shiru. Ciki ɗaya muka fito, amma gaisuwa kaɗai ta rage mana.